Ramukan Kwarin Marke

Kwarin Marke,
Lahadi, 8 ga Disamba, 1974

Taubashina Harisu,

"Ki ce mashi muna gaishe shi. Ki ce kowa lahiya lau. Kada ki sa zancen hannun nan."

Mahaifinka ke nan, Kawu Mani, zaune gabana bisa buzu, yana faɗa ina rubutawa. To, suna gaishe ka, kowa lafiya lau. Inna Mero ta ce ka riƙa cin abinci, hoton da ka aiko duk wuya ne. Zancen hannu kuwa, tunda Kawu ba ya karatun boko, zan sa: ranar Laraba dutse ya faɗo mashi bisa hannun dama, yatsu biyu sun karye, mai ɗori ya ɗaure su da kara.

Ga yadda aka yi dutse ya sami hannun Sarkin Noma.

Da kaka ka aiko da saƙo cewa tseren motocin da ƙungiyarku ta Kaduna ke shiryawa zai biyo ta nan bana: daga Sabuwa a yi Faskari, a sauka Sheme, a ratso garinku, a ɓulla Ƙanƙara. Ka ce motoci arba'in, da Turawa da Kwarori da manyan mutane. Malam Sha'ibu mai karanta wa garin wasiƙu ya karanta a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ni ina can Ƙanƙara ina fama da 'yan matan aji uku, ba wanda ya tambaye ni komai.

Kai ka san ubanka. Baƙi arba'in za su taka hanyar garinshi, kuma ɗanshi ne ya gayyato su. Sai ya sa aka buga gangar gayya.

Kwana biyar aka yi. Garuruwa uku suka fito, har Maguzawan gidan Ɗanasabe, maza da mata, da jakansu da mangaloli. An ɗebo marmara daga tudu an cike kowane rami tun daga mararrabar Sheme. Babban ramin nan da ake kira Haɗiye-Jaki, babu shi yanzu, sai a labari. Gangaren rafi an sassabe shi, an kwantar, maƙetarar kuma an jera mata duwatsu kamar daɓen ɗaki. Wurin jera su ne Kawu ya ce ba zai tsaya kallo ba yara na aiki, shi da ya haura saba'in.

Wasiƙarka ta biyu, wadda ka rubuto mani ranar 17 ga Nuwamba ka ja layi biyu ƙarƙashin "kada kowa ya taɓa hanyar nan", jiya ta iso. Kwana ashirin ta yi a aljihun direban motar auduga a Sheme, don ya rantse ba zai sa motarshi a hanyarku ba. Jiya ya ji an gyara, ya shigo har bakin kasuwa, ya kawo ta. Motarshi ce gingimari ta farko da ta taɓa shigowa garin nan. Mata sun yi ta guɗa. Bana ba wanda zai kora jaki da auduga mil tara zuwa fuloti, inda ake sayenta.

Ban karanta wa Kawu wasiƙar ba. Na rasa ta inda zan fara yi mashi bayani cewa akwai mutanen da ke tasowa daga Kaduna takanas don neman rami.

In dai kwamitinku ba ya son hanyar haka, ai abin da sauƙi. Sai a sake buga ganga, mu tone ta, mu mayar maku da ramukanku ɗaya bayan ɗaya, Haɗiye-Jaki a mazauninshi.

Kawu ya ce in ƙara da wannan: "In akwai inda ba ta yi ba, shi hwaɗa, a gyara kahin su zo."

Taubashiyarka,
Safara'u

*

Kaduna,
27 ga Disamba, 1974

Safara'u,

Bayan gaisuwa da barka da Salla. Ina lafiya. Ban samu zuwa gida ba saboda aikin kwamiti. Ki gaishe da Baba da Inna.

Kun kashe ni. Wallahi kun kashe ni da raina.

Kin san shekara nawa na yi ina ɗaukar wa mutanen nan jarka, ina kafa masu tuta a rana, kafin su yarda in zauna teburin masu zaɓen hanya? Huɗu. Ni kaɗai ne Bahaushe a teburin. A watan Oktoba ni na ɗauko Sakataren ƙungiya, Baturen nan mai jan gemu, na kawo shi Kwarin Marke a Landiroba. Da ya ga gangaren rafin nan fitowa ya yi daga mota yana tafa mani. Ya ce a duk tseren babu wuri kamar wannan. An riga an buga a ɗan littafin da ake raba wa direbobi cewa nan ne za a gane gwani.

Makon jiya ya koma dubawa. Mil sittin yake gudu ya ƙetare rafin bai sani ba. Ya dawo yana tambayata ko hanya ya ɓata. Da labari ya bazu a kulob, wani Kwara ya ce in an je garinmu bana a tafi da matan aure da kwandon abinci, tunda yawon shan iska za a yi. Har masu kawo lemo dariya suke yi mani.

Baba ban ga laifinshi ba, bai sani ba. Amma ke? Ke da digirinki, mil goma sha biyar tsakaninki da garin, aka yi kwana biyar ana buga ganga ba ki ji ba? Ke da kika san abin nan kamar yadda na san shi?

Ko kin manta Sabuwa bara? Mota mai lamba goma sha bakwai, koriya, da ta taso daga tudu ƙafa huɗu a sama ta faɗa tsakiyar kogi, inji ya mutu? Wace ce ta cire takalmi, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta shiga ruwa cikin maza tana turawa tana ihu "Giya ta biyu! Giya ta biyu!" har direban ya leƙo yana neman mai ba shi umurni? Malamar Tarihi ce, ko wata ce mai kama da ita? Muna dawowa a bayan a-kori-kura kika ce mani ba ki taɓa jin kina raye ba kamar ranar.

Abu ɗaya ya cece ki a wasiƙar nan, shawarar da kika kawo a ƙarshe. Na kai wa kwamiti, na ce mutanen garin sun yarda su mayar da hanya yadda take. Sun ce in aka yi haka kafin ƙarshen Janairu ba za a canza komai ba. Ba duka ake so ba: a kwashe duwatsun maƙetara, a mayar da gangaren, a buɗe manyan ramuka kamar shida. Bayan tsere in suna so su sake cikewa.

Na kuma roƙa maki wani abu. Ke za ki riƙe agogo a bakin rafin, ki rubuta lokacin kowace mota. Ba a taɓa ba mace ba.

Ki yi wa Baba bayani, ya fi jin maganarki.

Harisu

*

Ƙanƙara,
9 ga Janairu, 1975

Harisu,

Ina gaishe ka. Na ji daɗi da kake lafiya. Ni ma lafiya. Hannun mahaifinka, wanda ba ka tambaya ba, ya kumbura bayan Salla, na kai shi asibiti nan Ƙanƙara a motata. Ɗan yatsa ɗaya ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Zancen yana sakin layi na biyu na wasiƙata. Na ga alama daga ƙasa ka fara karatu, ka tsaya inda ka sami abin da kake so.

Tun muna yara nake yi maka ba'a, aikina ne, taubashi. Na taɓa ce maka ka sha ruwan tafki za ka iya iyo, ba ka sha ba. Kana da shekara bakwai ka san lokacin da nake wasa. Yanzu da ka kai talatin, mai zama teburin Turawa, ka ɗauki ba'ata ka kai gaban kwamiti a matsayin yardar garuruwa uku. Ba rashin fahimta ba ne wannan. Ka fahimta sarai.

Ban manta Sabuwa ba. Na fi ka tunawa. Na tuna yadda daji ya yi tsit kafin ta iso, har tsuntsaye suka daina kuka, sai ƙarar ta fara zuwa ta ƙasa, kana jin ta a tafin ƙafa kafin kunne. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Kuma in ka ce ba na son riƙe agogon nan, ka yi mani ƙarya. Kwana biyu na yi ina jin nauyinshi a hannuna.

Amma tunda zancen agogo ake, ranar na duba nawa. Motocin da ba su maƙale ba, sakan goma sha ɗaya kowace ta yi daga tudu zuwa tsallake. Ka lissafa da arba'in. Bai kai minti takwas ba. Minti takwas kake so a tone wa hanyar da mutum ɗari uku suka yi kwana biyar suna yi da kai da kafaɗa.

"In suna so su sake cikewa." Da me? Da wane hannu? Gayya ba famfo ba ce da ake murɗawa. Hatsin da aka dafa wa mutanen nan daga rumbun ubanka ya fito, rabin rumbun. Kuma kowa ya san damina ba za ta jira su ba: in aka kwashe duwatsun nan, ruwan farko zai cinye gangaren ya koma yadda yake shekara hamsin.

An yi maka dariya a kulob. Sannu. Na san da ciwo, ni ma an yi mani irinta a Zariya shekara uku. Ba ta karya mani yatsa ba.

Ba zan yi wa Kawu wannan bayani ba. Ka koma wurin mai jan gemu ka ce mashi taubashiyarka ce ta yi maka shaƙiyanci. Su ƙara dariya, su nemi wata hanyar. Ƙasar nan, alhamdu lillahi, ba ta rasa munanan hanyoyi ba, duk da man da ake cewa muna haƙowa.

Safara'u

*

Kaduna,
11 ga Janairu, 1975

Safara'u,

Gaisuwa mai yawa. Da fatan kowa lafiya.

Mako biyu ke nan ban ji daga gare ki ba, lokaci kuma yana tafiya. Na san halinki, in ba ki son abu sai ki yi shiru har ya lalace da kanshi. Saboda haka na aika wa Baba kai tsaye ta hannun Malam Sha'ibu, na ba wani direba ya kai hannu da hannu. Na faɗa mashi gaskiya: in ba a mayar da hanyar ba, na zama maƙaryaci a gaban mutanen da nake aiki da su.

Amsa ta dawo jiya. Baba ya yarda. Ya ce ranar Asabar, sha takwas ga wata, za a fito.

Kin ga ba a buƙatar digiri. Agogon dai yana nan in har kina so.

Harisu

*

Ƙanƙara,
Litinin, 3 ga Fabrairu, 1975

Harisu,

Ina gaishe ka don an saba. Inna Mero lafiya. Kawu lafiyar jiki.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, na sani. Amma tawa ta isa hannunka tuni, kuma mako uku ban ga amsa ba, ba ni kaɗai ba. Ka riga ka ji abin da na yi daga bakin wasu. Ga shi daga nawa.

Ranar da takardarka ta zo na tashi 'yan aji na tafi Kwarin Marke. Na ishe Kawu a zaure da Ɗanasabe. An riga an gaya wa makaɗi.

Ɗanasabe yana cewa, "Aradu, Sarkin Noma, ni dai ka hwaɗa mani abu guda. Wa ya haukace, mu ko su?"

Kawu ya ce, "Baƙo abin da yake so shi ake ba shi. In ramu suke so, a ba su ramu."

"To ai sai su zo gonata, akwai na gahiya."

Na ce, "Baba Ɗanasabe, ku ƙi fitowa mana."

Ya dube ni kamar na zagi uwarshi. Ya ce, "Malama, shekara arba'in ba a buga gayya a ƙasar nan ba wannan tsohon bai zo da garmarshi ba. Ranar da uwar 'ya'yana ta mutu shi ya nome mani gona. In ya ce in tone, kuka nake ina tonewa."

Nan na gane ba a garin za a tsayar da abin ba. Duk za su fito, duk suna jin haushi, kuma kafin azahar ba sauran dutse a maƙetara.

Na san Sakatarenku yana gidan saukar baƙi na Ƙanƙara yana kafa alamu. Washegari na same shi yana karin kumallo. Na ce ina da hanyar da zan nuna mashi. Na shiga Landirobarshi na kai shi burtalin da ke yamma da Mabai, inda Fulani ke bi da shanu, wanda muke bi da ɗalibai in za mu duba kufai. Duwatsu, kwazazzabai, kogin yashi mai faɗin filin ƙwallo, ba gida ko ɗaya. Sau biyu muka maƙale. Ban taɓa ganin mutum yana haƙa yashi da hannu yana murna haka ba. Kafin mu fito ya zana sabuwar hanya bisa gwiwarshi.

Ya faɗi wata magana kan rafinku idan aka gwada da wannan. Ba zan maimaita ba. Na san abin da na yi maka a teburin nan, kuma na san shi tun kafin in ƙwanƙwasa mashi ƙofa. Ya ba ni agogo, na karɓa. Wannan ma ba zan ɓoye ba.

Ran Juma'a na koma na ce wa Kawu ba sai an tone ba, an canza hanya. Ya sallami makaɗi. Amma ya ce, "Canza hanya kau sai na ji daga bakin Harisu. Shi ya ce za su zo."

Ba ka rubuta mashi ba. Kwana goma sha biyar kana da su.

Shekaranjiya aka yi tsere. An ce kana Faskari wurin ba da mai, ban gan ka ba. Motoci talatin da takwas suka iso kogin yashi, ashirin da ɗaya suka fita da ƙafarsu. Wata farar mota ta shigo a karkace, ta yi juyi biyu, direban bai ɗaga ƙafa ba, ta fita da baya ta haye tudu a haka, Fulani suna jifa da huluna sama. Na rubuta lokacinta. Ya fi Sabuwa, Harisu. Na so a ce bai fi ba.

Da la'asar na miƙa takardu na wuce Kwarin Marke.

An kafa rumfa a bakin rafi. An shimfiɗa tabarmi, an jera ƙoren fura an rufe da faifai. Inna Mero ta ce tun hantsi garin ke zaune nan, Kawu a gaba cikin babbar rigarshi ta Salla. Wajen azahar suka fara jin ƙara daga yamma, can nesa bayan duwatsu. Kowa ya miƙe. Makaɗi ya ɗauki ganga. Ƙarar ta yi ta zuwa tana wucewa, tana zuwa tana wucewa, wajen awa biyu, sannan ta ɗauke. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, ba mai duban Kawu.

Na ishe shi a ƙofar turakarshi, bai cire rigar ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa.

Ya ce, "An ce ke kika kai su can."

"Ni ce, Kawu."

"Hanyar ba ta yi ba?"

"Ta yi, Kawu. Yin da ta yi ne ya sa."

Sannan ya ce, "Tun da yaron nan ya tahi Kaduna bai taɓa roƙona komi ba. Ko kwabo. Abu guda ya roƙa."

Na ce, "Kawu, in da an tone, da damina ba mai fita garin nan. Ku da kanku kun sani."

"Na sani. Ni na yi ta, ni zan tone, ni zan sake yi. Ke wa ya aike ki?"

Ina da amsa. Na shirya ta tun daga Mabai, mai kyau, da hujjoji a jere. Na dubi fuskarshi na ga ba ta da amfani.

Ka rubuta mashi, Harisu. Ba don ni ba. Ka ce mashi kai ne ba ka aiko ba, ka ce mashi hanyar ta yi kyau. Daga bakinka kaɗai zai ji. Abin da zai biyo baya tsakanina da kai kuma, ba na gaggawar shi.

Kawu ya tashi ya shiga ɗaki, ya jawo ƙyauren a hankali har ya rufu. Bai buga ba. Na jira a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi. Inna Mero ta taɓa mani kafaɗa ta ce, "Tahi, ɗiyata, ba yau ba."

Na ɗauki takalmina na fita.

Safara'u